Ƙwan Hagu na Murhun Mma

Ƙwan lantarki aka aike ni saye. Guda ɗaya, ɗan mitsitsi, bai kai babban yatsana ba.

Ranar Laraba ce, bayan la'asar. Mma na zaune a tabarma bakin ƙofar kicin, ta danne reshen ayoyo, ganyen miyar tuwonmu, da yatsun ƙafa tana tsinke ganyen da hannu ɗaya. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Wadia, ɗaya za ki sayo. Ja, irin na da. Na dama kaɗai."

"Na ji, Mma."

"Jinki na san shi. Ki yi abin da na ce."

Ni ce Wadia, 'yar Hajiya Abiba mai tuwon zafi ta unguwar Maamobi. In ka taɓa bin lungun da ke bayan babban kwata da magariba ka ga mutane tsaye da kwanoni, to ƙofar gidanmu ka gani. Shekara arba'in Mma na tuƙa tuwon nan. Ita ke tuƙi, ni ke zubawa, ni ke faɗa da masu son nama uku a kuɗin ɗaya. Bakina ba ya shiru, unguwa ta sani, ni ma na sani.

Shekara uku da suka wuce hawan jini ya kayar da ita, ɓarin hagu ya shanye. Hannun sai lilo, ƙafar sai ja. Ranar da za a sallame mu likita ya ja ni gefe ya ce, "In ta sake faɗuwa, ba za ta tashi ba." Da maganar nan nake kwana, da ita nake tashi. Ba na tsoron ɓarawo, ba na tsoron ambaliyar kwata. Tsorona ɗaya ne a duniya, kada Mma ta faɗi.

Wata biyu da dawowarmu ta ce in kai ta kicin. Na kai ta. Ta ce in fita in ja ƙofa. Na yi gardama, ta watsa mini kallon da ta saba, na fita na tsaya a bayan ƙofa. Can sai na ji muciya na dukan gindin tukunya. Na leƙa ta tsagar katako. Ga Mma tsaye ƙyam, babu sanda, tana tuƙi da hannu biyu. Da ta gama ta fito, hannun ya koma lilonsa kamar bai taɓa riƙe komai ba.

Maƙwabta suka ce ikon Allah. Likita ya ɗaga kafaɗa ya ce wani lokaci jiki ba ya manta sana'arsa. Ni ban bi diddigi ba. Wanda ya samu rana ai shanya yake yi.

A shekarar ne yayana Muftahu ya aiko mana da na'urar zuƙe hayaƙi daga Hamburg, cikin kwantena, irin wadda Turawa suka gama amfani da ita. Aka kafa ta a saman murhun gas. Mma ta sa mata suna hular murhu. A ƙarƙashinta akwai ƙananan ƙwai biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Na hagun tun satin farko ya daina kamawa. Ƙwan saman rufi kuwa Mma ta sa an cire, wai yana sukar mata ido. Kicin ɗin ba shi da taga sai ramin bulo ɗaya. Don haka hasken dama kaɗai ke sauka kan tukunya, ja-ja, kusurwar hagu kuma duhu.

Ranar Litinin na daman ma ya mutu.

A daren ne Muftahu ya kira ta bidiyo, na shiga kicin ɗauko kwano da wayar a hannuna. Sai ya ce, "Kai, Wadia! Wannan kicin ne ko rami? Kin bar tsohuwa cikin duhu, in ta taka wani abu ta faɗi fa?" Bai tsaya nan ba, ya je ya maimaita a zauren dangi na waya, har da muryarsa mai taushi ta mutanen kirki. Wallahi raina ya ɓaci. Shi yana can yana aiko murya, ni ke mata wanka, ni ke yanke mata farce. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne, ya taɓo ainihin tsorona.

Shi ya sa ranar Larabar, kafin in fita, na hau kujera na zaro ƙwan duka biyun na ƙulle a hankici. Ban gaya wa Mma ba.

Shagon Malam Bukar na bakin babban titin Nima, rabin kwantena ne da wayoyi na reto ta ko'ina. Mutumin Damagaram ne, mai magana a hankali kamar shi ke biyan kuɗin kowace kalma. Na kwance hankicin na ajiye masa.

"Irin wannan nake so, amma wanda ba ya mutuwa."

"Wanda ba ya mutuwa ai sai Allah, Hajiya." Ya ɗaga ɗaya ya duba. "Mai ƙafa biyu ne, ba mai murɗawa ba. Tsohon yayi, mai zafi, mai cin wuta. Yanzu LED ake sa wa."

Ya jawo kwali ya zube su a kan tebur, ya shiga yi mini darasi. Wai na'urar nan wuta kaɗan take ba ƙwanta, mai ƙarfin lamba sha biyu kacal, in na sa mai cin wutar gida kai tsaye ba zai kama ba. Wai in duba tsayi, in ya yi tsawo murfin gilashin ba zai rufu ba. Wai in ɗauki wanda aka rufe jikinsa ruf, don tururi da maiƙo su ke kashe na banza cikin wata guda. Sannan ya soka guda uku a allon gwaji ya kunna. Na farko ja-ja, irin hasken kyandir. Na biyu fari mai sanyi. Na uku fari tas, har sai da na runtse ido.

"Wannan na ukun," na ce, "ko allura ta faɗi za a gan ta."

"Za a gan ta. Har abin da ba ki nema ba za ki gani. Masu girki sun fi son jan, ya fi nuna nunar abinci."

Ya ɗauki tsohon ƙwan dama ya kai kusa da ido. Cikinsa ya yi baƙi, zaren ya tsinke. Ya jefa a kwandon shara. Ya ɗauki na hagun, sai ya tsaya.

"Wa ya yi wannan?"

Na sunkuya. Ƙafafun ƙwan biyu an naɗe su da baƙin zaren kitso, sirit, layi bisa layi, an ƙulle ƙarshen da ƙulli ƙarami kamar ƙwayar gero. A duhun kicin ban lura ba. Malam Bukar ya sa farce ya warware, ya soka ƙwan a allo. Ya kama tar.

"Wannan bai mutu ba, Hajiya. Ɗaure shi aka yi."

Ya shinshina yatsunsa, ya dube ni. "Murhun itace gare ku?"

"Gas. Tun kafin a haifi 'yata ta fari muka bar itace."

"Warin toka nake ji."

 Mma hannu ɗaya gare ta. Ko maɓallin riga ba ta iya sawa, balle ƙulli irin wannan. Kuma ba ta iya hawa kujera. Tunanin ya zo mini sarai, ba zan yi ƙarya ba. Na kore shi kamar ƙuda.

Malam Bukar ya rage murya. "A garinmu in ka tarar da abu a ɗaure, ba ka kwancewa sai ka tambayi mai ɗaurin. Ni ma da na sani ban taɓa ba. Ki sayi ja guda ɗaya. Wannan ki mayar da shi inda yake, yadda yake."

"Malam Bukar, ƙwai na zo saye, ban zo tafsiri ba. Ba ni farin nan guda biyu."

Ya ba ni. Ya haɗa da tsohon ƙwan da zarensa ya danƙa mini a tafin hannu.

Kafin in tsallaka titi aka ɗauke wuta. Dumso, ɗauke-kawon wutar nan da muka saba da shi. Shaguna suka yi ɗif, janareta ɗaya biyu suka fara tari. Na shiga lungunan Maamobi rana na faɗuwa. Warin kwata, warin man suyar ayaba, hayaƙin gawayi. Ladanai suka fara kiran salla babu lasifika, murya tsirara, nan ɗaya can ɗaya. Ban taɓa jin unguwarmu ta yi shiru haka ba.

Na tarar da Mma na alwala a kan kujerarta. Ruwan tuwo na kan wuta.

"Ɗaya?"

"Ɗaya, Mma."

"Ja?"

"Ja."

Ƙarya biyu cikin numfashi ɗaya, ga uwata, da magariba. Na ce a raina in ta ga haske za ta yi faɗa, amma a cikin haske za ta yi shi. Zan ɗauki bidiyo in aika wa Muftahu ya toshe bakinsa.

Tana tayar da salla a zaune na faɗa kicin. Na hau kujera, na kama wayar da haƙora, fitilarta na haska cikin hular murhun kaɗai. Na dama ya shiga ba wuya. Na miƙa hannu hagu.

Wajen da sanyi. Tukunya na tafasa a ƙarƙashina, tururi na dukan fuskata, amma ƙarfen ɓangaren hagu sanyi ƙalau.

Na ji motsi a kusurwa. Ƙarami. Irin na mutum in ya matsa ya ba ka hanya.

Na ce ɓera ne. Ban juya ba.

Na soka ƙwan, na mayar da gilashi, na danna maɓallin fitila. Ba komai, ai babu wuta. Na sake dannawa. Na danna na fanka ma. Na yi ta dannawa har na rasa ko a kunne na bar su ko a kashe. Na ji Mma ta yi sallama, na diro da sauri.

Ta shigo tana jan ƙafa, sanda a hannun dama. Na kunna mata guntun kyandir a gwangwanin madara, ta nuna mini da haɓa in ajiye shi can dama, ƙasa.

"Fita. Ja ƙofa."

Na fita. A waje mutane sun fara taruwa, ana haska kwanoni da waya. Wani ya ce, "Sista Wadia, yunwa fa sosai, paa." Na ce ya jira ko ya je ya auri mai tuwo. Aka yi dariya. Daga ciki muciya ta fara. Dum. Dum. Dum.

Sai na tuna ludayin miya na rataye a bayan ƙofar kicin. Na koma. Na tura ƙofar kaɗan, iya shigar hannu.

Warin ne ya fara dukana. Jiƙaƙƙiyar toka. Tsohon hayaƙin itace, irin wanda ke kama zanin kaka.

Daga nesa yara suka ɓarke da ihu. Ihun ya taho lungu lungu, gida gida.

"Wuta! An kawo wuta!"

Firjin maƙwabta ya yi gurnani. Fankar hular murhu ta tashi.

Ƙwan biyu suka kama.

Fari tas. Babu kusurwa, babu inuwa. Na ga kowane tsagu a bango, kowane ɗigon mai.

Na ga Mma tsaye gaban tukunya.

Na ga wadda ke bayanta.

Mace ce. Tsohuwa. Launin toka tun daga kai har ƙafa. Ta yi tsawon da sai da ta karya wuya ta kwantar da kunci a jikin ƙarfen hular. Ƙirjinta manne da bayan Mma. Hannunta ɗaya ya zagaye ƙugun Mma ya riƙe tam. Ɗayan ya bi ta ƙarƙashin hammata, ya kwanta bisa mataccen hannun, yatsa bisa yatsa, har kan muciya. Ƙafar Mma ta hagu ba ta taɓa ƙasa. A kan ƙafar matar take.

Muciya ta tsaya.

Matar ta juyo da ido. Ba su da fatar rufewa. Hasken ya shige su kai tsaye.

Ta gan ni. Ta ga na gan ta.

Na ɗauka ihu za ta yi, ko ta taso mini. Ba ta yi ba. Fuskarta ta yamutse irin ta macen da aka buɗe wa ƙofar banɗaki. Kunya ce. Wallahi kunya na gani.

Ta ɗaga hannu biyu ta rufe fuska.

Hannu biyu.

Mma ta tsaya ita kaɗai na ƙiftawar ido. Sannan ta tafi ta hagu, kamar an yar da buhun gari. Na ji ƙashi ya amsa a kan siminti.

Muciya ta zauna tsaye cikin tuwo.

"Mma!"

Na banke ƙofa. Maɓallin na gaban hular, sai na wuce ta gefen matar. Na miƙa hannu.

Ta kama wuyan hannuna.

Yatsun busassu. Sanyi. Gari-gari, suna zuba.

Ɗaya hannun na kan fuskarta har yanzu. Ta tsakanin yatsu take kallona. Muryar ba daga baki ta fito ba, a cikin kunnena na ji ta, ƙasa-ƙasa.

"Shekara uku."

Na nemi a'uzu. Harshena ya ƙi.

"Shekara uku ban sake ta ba. Ko sau ɗaya."

Yatsuna suka mutu. Na ji mutuwar na hawa. Wuyan hannu. Gwiwar hannu.

"Me na yi miki?"

Kafaɗa. Gefen bakina ya fara ja ƙasa. Ƙafata ta hagu ta yi laushi.

Fanka na kuka. Tuwo na ƙuna. A waje wani na buga kwano da cokali yana kiran sunana.

Daga ƙasa muryar Mma ta taso, a karkace, da ƙyar.

"Inna."

Matar ta tsaya.

"Inna, bar ta. Ba ta sani ba. Ni ce ban gaya mata ba."

Mma ta ja numfashi ta ƙara.

"Ita kaɗai gare ni a nan. Bar mini ita."

Yatsun suka buɗe, ɗaya bayan ɗaya.

Na zube a gwiwa. Ina kallo matar ta sirance, ta yi laushi, fanka ta fara janta ta cikin ragar ƙarfe. Kai ya fara shiga, sai kafaɗu, sai dogayen hannuwan nan. Ƙafafu ne ƙarshe. Toka ta zubo siriri a kan farin tuwo.

Hasken bai ko girgiza ba.

Mota ba ta shiga lungunmu. A kan bencin masu cin tuwo maza huɗu suka ɗauke ta har bakin titi. Ƙashin ƙugu ya karye, hawan jinin kuma ya sake bugawa. Sati uku muka yi a asibiti. Ba ta mutu ba. Amma likitan nan bai yi ƙarya ba, ba ta tashi ba.

A sati na biyu bakinta ya ɗan saki, ta ba ni labarin guntu guntu, ina goge mata yawu. Inda kicin ɗinmu yake, nan duwatsun murhun kakata suke tun zuwansu Maamobi. Sun tarar da mai wurin, matar nan da na gani. Kakata ba ta kore ta ba, ta bar mata hagun murhu da ludayin farko na kowace tukunya, suka zauna lafiya. Mma ta gaji zaman. Inna take ce mata tun tana yarinya, ba ta taɓa ganin fuskarta ba. Ranar da na fara kai ta kicin bayan ciwon, tana kuka ita kaɗai a duhu, sai ta ji an ɗaga ta. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mata, kada idon ɗan Adam ya sauka a kan Inna.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba, Mma?"

"Da bakin nan naki?" Ta yi abin da ya rage mata na murmushi. "Kuma da kin kira malamai."

Gaskiya ta faɗa. Da na kira.

Limamin unguwa da na je masa ya ce in gode wa Allah abin ya tafi, neman taimakon irinsu ba hanyar Musulmi ba ce, in dage da addu'a. Na san haka ne. Da rana na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Muftahu ya yi ta kuka a waya yana cewa laifinsa ne da bai aiko kuɗin gyaran daɓe ba, wai santsi ne. Na bar shi a haka. Me zan ce masa?

Tuwo ya tsaya. Na gwada sati ɗaya, mutane suka ci don kara, suka daina zuwa. Yatsuna biyu na hagu har yau ba sa jin zafi ba sa jin sanyi.

Na cire fararen ƙwan na farfasa su a turmi. Na koma wurin Malam Bukar. Yana ganina ya miƙo ja guda ɗaya, bai tambaye ni komai ba, ni ma ban iya kallon idonsa ba. Na sa shi a dama. Tsohon na hagu na zauna na naɗe ƙafafunsa da zaren, ya fi sau ashirin, ƙullin ya ƙi yin ƙanƙanta irin na farko. Na mayar da shi haka. Na dafa ɗan tuwo na ajiye ludayin farko a kusurwa. Da safe na tarar da shi ya bushe, tururuwa na bi.

Ni da na yi ta addu'a kada in sake ganinta, sai ga ni tsaye cikin kicin da magariba ina shaƙar iska ko zan ji warin toka.

Da muka dawo gida Mma ta kafe sai an kai ta gaban murhu kowace magariba. Ba ta da nauyi yanzu, cak nake ɗaukarta. In tsayar da ita, in manna ƙirjina a bayanta, in zagaye ƙugunta da hannu, in ɗora ƙafarta a kan tawa. Ɗayan hannun in kwantar da shi bisa nata har kan muciya. Na ga yadda ake yi, ai. Juyi uku muke yi, a na huɗu hannuna ya gaza.

Sai ta fara.

"Sake ni ki fita."

"Za ki faɗi, Mma."

"Kunyarki take ji. In kin fita za ta zo."

"In ba ta zo ba fa?"

"Sake ni, Wadia."

Ba na saki. Ta mintsine ni da hannun mai lafiya. Ta doke ni. Ta kira ni mai taurin kai, 'yar da ba ta jin magana, ta ce ni na kashe ta tun ranar Laraba. Sannan ta koma roƙo, tana haɗa ni da Allah, tana haɗa ni da nonon da na sha. Ina riƙe da ita ina kuka a bayan wuyanta, tuwon na ƙonewa a gabanmu. Wata biyu muna haka, kullum.

Jiya ba ta mintsine ni ba. Ta tsaya a hannuna, tana kallon kusurwar hagu. Ta daɗe.

"Wadia."

"Na'am, Mma."

"Hancina ya mutu. Ke shaƙa ki ji. Tana nan?"

Na shaƙa. Na sake shaƙa har ƙirjina ya yi zafi. Na so in yi mata ƙarya, Allah ya sani na so. Gas ne kawai, da ƙaurin tuwo.

"Ba ta nan, Mma."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta zare hannunta mai lafiya daga muciya.

"To mayar da ni ɗaki."

Yau da aka kira magariba na ɗora ruwa, na kunna jan ƙwan, na je ɗaukarta. Na sa hannu ƙarƙashin wuyanta na ce, "Mma, lokaci ya yi." Idonta biyu, ta ji ni sarai. Ta juya fuskarta ga bango.